Mugun tunanin da ke zuwa ba da son raina ba: in karɓi Jibi ko in zauna?

Mai Kula da Zaure: Salama a gare ku 'yan'uwa. Wani ɗan'uwa ya turo wannan tambaya ta akwatin sirri, ya roƙa kada a faɗi sunansa. Za mu kira shi Mai Tambaya. Don Allah ban da ba'a.

Mai Tambaya: Ina gaida iyayena da yayyena. Ni saurayi ne, Katolika tun haihuwa. Matsalata ita ce tunanin sha'awa na faɗo mini a rai ba tare da na nema ba. A mota, a wurin aiki, wani lokaci har ana tsakiyar Misa, Fada na ɗaga Jikin Almasihu sama. Ina ƙin abin, ina kawar da kai, amma sai ya dawo. An koya mana cewa wanda ya karɓi Jibin Ubangiji, wato Jikin Almasihu da ake rabawa a Misa, da babban zunubi ya ƙara wani zunubin a kan na farko. To in na je konfeshan, wato furta zunubi a gaban Fada, ranar Asabar, kafin safiyar Lahadi tunanin ya sake zuwa, sai in kasa tashi in karɓi Jibi. Na daɗe rabona da karɓa. Shin wannan zunubi mai kisa ne? Kuma dole sai na sake furtawa kowane lokaci?

Maman Zumunta: Wayyo ɗana, sannu. Ka sha wahala kai kaɗai. Bari masu ilimi su zo, amma ni dai na san Allah ba mugu ba ne.

Ɗan Rosari: Ƙanena, gaskiya ɗaya ce. Matiyu 5:28 ya ce duk wanda ya dubi mace duban sha'awa ya riga ya yi zina da ita a zuciyarsa. Bulus kuma a 1 Korantiyawa 11 ya ce mai ci da sha ba tare da ya cancanta ba, hukunci yake ci wa kansa. Ni a ganina abin da kake yi daidai ne. Gara ka zauna da ka ci hukunci.

Baba Katikis: Ɗan Rosari, dakata, kada ka ɗora wa yaro kayan da Ikilisiya ba ta ɗora masa ba. Abin da muke koya wa yara kafin karɓar Jibi na farko ke nan: zunubi ba ya zama mai kisa sai abu uku sun haɗu. Abin ya zama babba, mutum ya san babba ne sarai, sannan ya yarda da shi da cikakken nufinsa. Yana nan a Katekizim na Ikilisiyar Katolika, sakin layi na 1857. In ɗaya ya ɓace, ba zunubi mai kisa ba ne. Yaron nan ya ce yana ƙin abin, yana kawar da kai. Ina yardar take?

Ɗana, ka ɗauka baƙo ne ya yi sallama a ƙofar gidanka. Sallamarsa ba laifinka ba ce, ko da zai wuni yana yi. Laifi na farawa ne lokacin da ka leƙa ka gane ko wane ne, ka ce masa ya shigo, ka shimfiɗa masa tabarma, ka kawo ruwa.

Ɗan Rosari: Baba, ban ƙi ta taka ba. Amma ayar fa? Yesu bai ce sai an aikata ba. Ya ce a zuciya.

Ɗan Seminari: Yaya, sake duba ayar. Maganar mutumin da ya duba ne domin ya yi sha'awa, wato da niyya ya kai idonsa. Ba wanda abu ya gifta masa ya kawar da kai ba. Zunubin zuciya gaskiya ne, babu mai musu, doka ta tara cikin Dokoki Goma a kansa take magana. Babbar majalisar Ikilisiya ta Trent a 1551 ta ce dole a furta manyan zunubai har da na ɓoye, waɗanda aka yi a kan dokoki biyu na ƙarshe. Amma ita wannan majalisar a 1546 ta riga ta ce karkatar nan zuwa sha'awa da ke saura a jikin mutum bayan baftisma ba zunubi ba ce a kanta, an bar ta ne don mu yi kokawa da ita, kuma ba ta iya cutar da wanda bai yarda ba. Katekizim ya maimaita haka a sakin layi na 1264.

Tun zamanin Waliyi Agustin da Paparoma Giregori Babba malamai ke raba abin hawa uku: tunanin ya zo, jiki ya ji daɗinsa, sannan nufi ya amince. Na farko ba zunubi. Na biyu, in dai motsin jiki ne da ya riga hankali, shi ma bai isa ba. Na uku ne wurin da ake faɗuwa. Yakubu 1:14 zuwa 15 ma a jere ya kawo shi: sha'awa ta ja mutum, ta ɗauki ciki, sannan ta haifi zunubi. Kuma Ibraniyawa 4:15 ta ce an jarabci Ubangijinmu ta kowace hanya kamar mu, amma bai yi zunubi ba. Da jaraba zunubi ce, ayar nan ba za ta tsaya ba.

Mai Tambaya: Na gode Baba, na gode Yaya. Amma ga inda nake maƙalewa. Wani lokaci ban san ko na yarda ko ban yarda ba. Tunanin kan ɗan daɗe kafin in farga, kuma jikina kan motsa. Bayan nan sai in zauna ina bincike: na ji daɗi ne? Na tsaya a kai da gangan ne? Ina cikin binciken sai tunanin ya dawo sabo.

Fada: Salama 'yan'uwa. Na karanta daga sama. Ɗana, abin da zan faɗa a nan koyarwa ce ta gaba ɗaya, ba ta maye gurbin zama da firist ido da ido, amma ka saurara da kyau.

Lokacin da tunani ke yawo a kanka ba ka farga ba, babu cikakken sani. Hisabi na farawa ne daga lokacin da ka farga. Me ka yi a lokacin? Ka ce kawar da kai kake yi. To shi ke nan. Motsin jiki kuwa ba shi ne nufi ba. Jiki na motsi a barci ma, kuma babu mai yin zunubi yana barci, saboda haka mafarki ba abin furtawa ba ne.

Batun shakka kuma. Dokar Ikilisiya, doka ta 916, ta hana Jibi ga wanda ya san yana da babban zunubi. Wanda ya sani. Ba ta ce wanda yake tsoron wataƙila ba. Zunubi mai kisa juya wa Allah baya ne da ido buɗe, ba abu ne da mutum zai faɗa ciki ya kwana yana tambayar kansa ko ya faɗa ba. Malaman tarbiyya na Ikilisiya, musamman Waliyi Alfonsus Liguori wanda ya rasu a 1787, sun koyar cewa mutumin da ya saba tsoron Allah, yana ƙin zunubi, in ya yi shakkar ko ya yarda, a ɗauka bai yarda ba. Shi kansa Alfonsus ya sha fama da irin wannan damuwa ta lamiri, kuma shi ne Paparoma Pius na 12 ya naɗa majiɓincin masu jin konfeshan a 1950. Wanda ya saba sakaci kuwa, ba ruwansa, shi shakkarsa ta fi karkata ga cewa ya yarda. Daga rubutunka na san a wane ɓangare kake.

Wannan binciken da kake yi bayan abin ya wuce, ka daina shi. Shi ne ke ciyar da tunanin.

Ɗan Rosari: Fada, a gafarce ni. Ba gardama nake ba. Amma in shakka ce, me zai rage masa in ya zauna har Asabar ta zagayo? Ai babu asara.

Fada: Akwai asara babba, ɗan'uwa. Ka ji ya ce ya daɗe rabonsa da karɓa. Asabar ta zo ta wuce sau nawa? Jibi abinci ne na mai rauni. Katekizim a sakin layi na 1394 da 1395 ya ce yana shafe ƙananan zunubai, yana kuma tsare mutum daga manya a gaba. Ka hana mai yaƙi abinci don yana yaƙi? An taɓa yin wata koyarwa a Faransa, ta 'yan Jansen, da ta tsoratar da mutane har suka riƙa ganin ba su isa su matso ba sai da ƙyar. Ikilisiya ta ƙi ta. A 1905 Paparoma Pius na 10 ya fitar da doka cewa kowa na iya karɓa ko kullum ne, in dai yana cikin alherin Allah kuma niyyarsa mai kyau ce. Bai sa sharaɗin cewa sai kai ya zama fayau babu jaraba ba.

Malamin Firamare: Ni ina da ja kaɗan, ba da Fada ba, da yadda samari za su ɗauki maganar. Yanzu wani zai kwana yana kallon bidiyon batsa a waya, da safe hotunan su riƙa dawo masa, ya ce ai Fada ya ce tunanin da bai nema ba ba zunubi ba ne. Wa ya nemo su daren jiya? Mu faɗi gaskiya, yawancin abin nan daga waya yake. Ina ganin abin da yara ke turawa juna.

Fada: Malam, ka yi daidai, kuma gara da ka faɗa. Kallon batsa da gangan babban abu ne, sakin layi na 2354 na Katekizim ya faɗa ba kwana-kwana. Wanda ya yi shi da sani da yarda, konfeshan ne ya kamace shi kafin Jibi, kuma abin da zai furta shi ne kallon. Haka wanda ya zauna da gangan yana saƙa hoton a ransa yana jin daɗi, ko yana shirya yadda zai aikata. Amma ka lura: mutumin da ya tuba, ya furta, ya goge abin daga wayarsa, hotunan za su iya ci gaba da dawo masa wata da watanni. Dawowar nan ba sabon zunubi ba ce in bai karɓe ta ba. Tabo ne.

Malamin Firamare: To na yarda da wannan rabewar. Amma a riƙa faɗin ɓangare biyun a kan bagade. Wasu firistoci tsoratarwa kawai, wasu kuma lallashi kawai.

'Yar Kwaya: Don Allah a bar cewa samari samari. Mu ma mata yana faruwa da mu, sai dai ba mu da bakin faɗa. Ni nawa ba ma na sha'awa kaɗai ba ne. Ina cikin waƙa sai wata mummunar kalma a kan Uwa Maryamu ta faɗo mini, abin da ko a mafarki ba zan furta ba. Sai jikina ya yi sanyi. Kuma ta yaya zan durƙusa gaban Fada, namiji, wanda ya san babana, in faɗi wannan?

Maman Zumunta: 'Yata, ba ke kaɗai ba ce. Mu da muka tsufa ma mun san shi. Ki same ni ta akwati mu yi magana irin ta mata.

Fada: 'Yata, hukuncin ɗaya ne. Kalmar da ta faɗo miki kina ƙinta ba saɓo ba ce. Sanyin jikin da kike ji shi ne shaidar inda zuciyarki take. Ba dole ki furta ta ba ma. In kina son ki ambata don samun shawara, ya isa ki ce munanan tunani na damuna, ban yarda da su ba. Ba a buƙatar ki zana yadda suke. Ko a babban zunubi, abin da doka ta 988 ta nema shi ne irinsa da adadinsa, ba labari ba. Doka ta 979 ta umarci firist ya yi hattara da kamun kai wajen tambaya. Kina da 'yancin zuwa wurin kowane firist da ke da izini, ba dole na cocinku ba, wannan doka ta 991 ce. Kuma abin da aka faɗa a konfeshan a rufe yake har abada. Firist da ya tona da gangan ya fitar da kansa daga tarayyar Ikilisiya nan take, sai Roma ce ke iya kwance shi.

Ɗan ECWA: Ni baƙo ne a zauren nan, matata ce Katolika. Tambaya ce ba tsokana ba. Duk wannan lissafi na babba da ƙarami, ba shi ne ke jefa mutane cikin damuwar ba? Me zai hana yaron ya durƙusa a ɗakinsa ya roƙi Yesu kai tsaye?

Ɗan Seminari: Barka da zuwa surukinmu. Ya roƙa mana, kullum ma. Rabewar kuwa ba mu muka ƙirƙira ba, 1 Yahaya 5:16 da 17 ta ce akwai zunubin da ke kai ga mutuwa, akwai wanda ba ya kaiwa. Furtawa ga firist kuma daga Yahaya 20:22 da 23 muke ɗauka, inda aka ba manzanni ikon gafartawa da riƙewa. Amma ka lura rabewar ce ma ke ceton ɗan'uwan nan. Da a ce duk abin da ya gifta a rai daidai yake da zina, ina zai sa kansa?

Mai Kula da Zaure: Muhawarar Katolika da sauran ɗariku a buɗe mata wani zaren daban don Allah. Mu tsaya a kan tambayar.

Nas: Bari in sa baki ta ɓangaren aikina. Kusan kowane mutum na samun tunanin da ba ya so, mai addini da marar addini. Yawanci sukan yi tsaki su wuce. Amma akwai wanda abin ke kama shi: tunanin ya zo, tsoro ya tashi, ya yi wani abu don ya huce, kamar maimaita addu'a har sai ta fita daidai, ko sake furta zunubin da aka riga aka gafarta, ko tambayar mutane a kai a kai. Ya huce na ɗan lokaci, abin ya dawo da ƙarfi. Wannan ciwon waswasi ne, likitoci na kiransa OCD, kuma yakan kama abin da mutum ya fi girmamawa. Shi ya sa mai ibada nasa kan zo a coci. Maƙwabtanmu Musulmi na da masu irinsa, za ka ga mutum na ta sake alwala. Ana maganinsa, da zama da masanin halayyar ɗan Adam, wani lokaci da ƙwayoyi. Ban ce Mai Tambaya na da shi ba, ba a gane ciwo ta waya. Amma in abin na cin sa'o'i a rana, yana hana barci ko aiki, a je asibiti. Kuma ƙoƙarin danne tunani da ƙarfin tsiya ƙara shi yake yi.

Ɗan Rosari: Sista, yanzu jarabar Shaiɗan ce za a kai asibiti?

Nas: Yaya, ko daga ina ta fito, in ta hana mutum barci har ya rame, jikinsa na buƙatar taimako. Zuwa asibiti bai hana Rosari ba.

Fada: Ina tare da Sista. Ikilisiya ta daɗe da sanin wannan hali. Waliyi Ignatius na Loyola, a garin Manresa a 1522, ya riƙa maimaita konfeshan yana ganin kullum ya bar wani abu, har abin ya kusa halaka shi, sai da ya yanke cewa ba zai sake tono abin da ya wuce ba. Maganin da aka saba bayarwa shi ne: firist ɗaya, ba yawo daga wannan zuwa wancan ba. Lokaci tsayayye, misali sau ɗaya a wata. Ba a sake furta abin da aka riga aka furta. Abin da aka manta ba da gangan ba an gafarta shi, in ka tuna kuma ka tabbata babba ne sai ka ambata a zuwa na gaba. In firist ɗinka ya ce ka karɓa, ka karɓa, ko da zuciya na dukan uku-uku. In tunanin ya zo kana kan layi, kada ka fita daga layi.

Mai Tambaya: Fada na ji. Zan nemi firist ɗaya in gaya masa duka yadda na rubuta a nan. Amma tsoron bai tafi ba, gaskiya.

Fada: Ba sai ya tafi ba kafin ka tashi.

Baba Katikis: Fada, tunda kana nan, bari in kawo kukanmu na ƙauye. Duk wannan magana ta firist ɗaya da sau ɗaya a wata, ta mutanen gari ce. Mu Fada kan zo mana ne in an yi sa'a, da damina kuwa in rafi ya cika sai a daɗe ba a gan shi ba. In ya zo, ya iso a makare, ga wani ƙauyen na jiransa. Wanda ya san tabbas ya yi babban zunubi, ba mai shakka ba, yaya zai yi? Kuma ka san halinmu, coci ƙarami, in mutum bai tashi ba kowa ya gani, kafin yamma an fara ƙus-ƙus. Wasu don kunya suke tashi.

Fada: Baba, wanda ya san ya yi, ya yi cikakkiyar nadama nan take, wato baƙin cikin saɓa wa Allah saboda ƙaunarsa, tare da ƙudurin furtawa da zarar ya samu dama. Katekizim a sakin layi na 1452 ya ce irin wannan nadama na kawo gafara. Amma Jibi sai ya jira konfeshan, sai fa in akwai dalili mai nauyi kuma babu damar furtawa, kamar yadda doka ta 916 ta ce. Jin kunyar mutane kawai ba na ɗaukarsa dalili mai nauyi. In Fada ya zo, damar ta samu: a tare shi kafin Misa ko bayanta. Kuma ku koya wa jama'a su daina ƙirga wanda ya tashi da wanda ya zauna. Mutum na iya zama don ya ci abinci bai cika awa ɗaya na azumin Jibi ba.

Baba Katikis: A tare shi a ina, Fada? Kafin ya kashe babur an fara waƙar shiga.

Maman Zumunta: Kuma in an samu ya zauna, kujerar a gindin mangwaro ake ajiye ta, yara na zagaye suna wasa. Wa zai buɗe baki? Ni sai na rage murya har Fada ya ce bai ji ba.

Fada: Wannan kuka ne mai gaskiya, kuma gyaransa ba wuya. Ku gaya wa firist ɗinku tun kafin ranar cewa akwai masu konfeshan, ya zo da rabin awa a hannu ko ya tsaya bayan Misa. Kujera a kai ta nesa, a sa dattijo ɗaya ya kori yara. In ya ce ba lokaci, ku kai maganar taron kwamitin coci.

Baba Katikis: To za mu gwada. Amma a faɗa wa masu waƙa su ma, su ne ba sa jira.

'Yar Kwaya: Baba, mu ai ganin babur muke mu fara. A ba mu alama, za mu jira.